Sharar Mile 12 da Mayankar Oko-Oba: Nazari Kan Kafa Matatar Shara a Legas

A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar Legas ta rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda tarin shara da rashin tsafta, sannan a watan Yunin 2025 irin wannan hukunci ya faɗa kan mayankar Oko-Oba da ke Agege. Wuraren biyu cike suke da 'yan Arewa, tun daga fataken tumatir da albasa da tattasai, da dillalan shanu da mahauta, har zuwa 'yan dako da masu turin baro, kuma duk ranar da aka garƙame ƙofa, asarar ba a Legas kaɗai take tsayawa ba, tana isa har Kura da Danja da Maigatari inda kayan suka fito. Wannan nazari ya duba sharar wuraren biyu ne ta fuskar abin da za a iya sarrafawa daga cikinta, da kuma sharuɗɗan da sai sun cika kafin irin wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa.

Alƙaluman da hukumar kula da shara ta jihar, wato LAWMA, ta saba bayarwa sun nuna cewa Legas tana fitar da kimanin tan 13,000 na shara a kullum, kuma kusan rabinta abu ne mai ruɓewa: ragowar abinci, ɓawon doya da rogo da ayaba, ganye, da kayan gwari da suka lalace. Kaso mai yawa yana ƙarewa ne a jujin Olusosun da ke Ojota, wanda tazararsa da Mile 12 ba ta taka kara ta karya ba, ko kuma a jujin Solous da ke Igando. Idan irin wannan shara ta taru ta danne juna har iska ta daina shiga, sai ta riƙa fitar da iskar mitan, wadda take kama wuta, kuma ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28 idan aka auna a tsawon shekara 100. Gobarar da ta tashi a Olusosun a watan Maris na 2018, wadda hayaƙinta ya daɗe yana turnuƙe unguwannin da ke kewaye, ta nuna wa mazauna yankin abin da ke kwance a ƙarƙashin tsibin.

Abin da ake nufi da matatar shara

Matatar man Dangote da ke Lekki ɗanyen mai kawai take karɓa, amma fetur da dizal da kananzir da man jirgi ne suke fitowa, kowanne da kasuwarsa. Haka tsarin matatar shara yake: abu mai ruɓewa ya shiga ta ƙofa ɗaya, a bi da shi mataki-mataki, a fitar da iskar gas ta girki ko ta janareta, da abincin kaji da kifi, da kitse na sabulu, da taki, ta yadda ragowar wani mataki ita ce kayan aikin mataki na gaba. Brazil ce ta fi shahara da wannan, domin tun daga 1975 da ta ƙaddamar da shirin man itanol, masana'antun rakenta suke fitar da sukari da man mota, su ƙona tukar raken su samu lantarki, su mayar da ruwan da ya rage gona. Amma waccan masana'anta ce mai kayan aiki iri ɗaya, mai tsafta, kuma mallakar kamfani ɗaya. Sharar kasuwa ba haka take ba, kuma a nan ne gizo yake saƙar.

Sharar da ke da mai ita, da wadda ba ta da shi

Duk wanda ya san mayanka ya san cewa mahauta sun daɗe suna aikin da masana ke ba wa sabon suna a yau. Ƙirgi yana tafiya wajen masu ganda, ƙaho da kofato suna da masu saye, ƙashi ana tarawa a ƙona a niƙa domin abincin kaji, kitse ana narkarwa, jini ma akwai masu dafa shi su shanya su sayar wa masu haɗa abincin dabbobi, tunda garin jini ya ƙunshi furotin da ya kai kashi 80 cikin 100. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mutanen da suke ci da iyalinsu da shi, suna da layinsu, suna da shugabanninsu. Kamfanin da ya zo da takardar gwamnati yana lissafin cewa duk abin da ba tsoka ba shara ce da zai kwasa kyauta, ya fara da kuskure, domin ranar da ya miƙa hannu kan ƙashi ko jini zai tarar da masu shi a tsaye.

Abin da ba shi da mai saye a mayanka shi ne abin cikin tumbi da hanji, da kashin da shanu ke zubarwa a turke kafin yanka, da ruwan wanki mai haɗe da jini wanda ke bin lambatu. Saniya babba guda ɗaya tana ɗauke da kilo 20 zuwa 40 na ciyawar da ba ta gama narkewa ba a tumbinta. Wannan ne yake taruwa, shi ne yake wari, shi ne yake toshe magudanar ruwa da damina, kuma a kansa ne maƙwabta suke kai ƙara.

A Mile 12 ma akwai irin wannan rabe-raben. Tumatirin da ya fashe a hanya amma bai ruɓe ba ana sayar da shi da rahusa ga masu abincin sayarwa da magidanta masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka bai zama shara ba tukuna. Shara ita ce wanda ya wuce nan, da ɓawon albasa, da ganyen kabeji, da busasshiyar ciyawar da ake shimfiɗawa a kwando, da kwandunan da suka karye. Yawanta ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tafiyar: kusan kilomita 1,000 daga Kano, a cikin kwandunan da ake jibge wani kan wani a bayan tirela, cikin zafi, ga shingayen hanya, ga lalacewar mota. Na ƙasa ne yake ɗaukar nauyin na sama.

Dalilin haɗa sharar wuraren biyu

Tankin da ake samar da iskar gas a cikinsa rufaffe ne ruf, ba ya shan iska, kuma ƙwayoyin halitta ne suke aikin a ciki kashi-kashi. Na farko suna farfasa sharar su mayar da ita ruwa mai tsami, na ƙarshe kuma su cinye tsamin su fitar da iskar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nata mitan ce. Waɗannan na ƙarshen ba sa jure tsami, sun fi son ma'aunin tsami ya tsaya kusa da 7, da ɗumi na wajen digiri 35, wanda yanayin Legas bai yi nisa da shi ba, abin da ya sa ba a bukatar kashe kuɗi mai yawa wajen ɗumama tanki kamar yadda ake yi a Jamus.

Tumatir kuwa kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne, kuma ma'aunin tsaminsa yana wajen 4 zuwa 4.5, wato yana da tsami sosai. Idan aka cika tanki da shi zalla, cikin 'yan kwanaki tsami zai rinjayi ƙwayoyin da ke yin mitan, iskar ta tsaya, a wayi gari da tanki cike da ruɓaɓɓen ruwa wanda sai an kwashe an sake sabon lale. Abin cikin tumbi da kashin shanu su ne maganin wannan, domin suna rage kaifin tsamin, kuma ƙwayoyin da ake nema ɗin a tumbin saniya suke rayuwa tun asali. Shi kuma kashin shanu shi kaɗai iskarsa kaɗan ce, saboda saniyar ta riga ta tsotse mafi yawan amfanin ciyawar, sai an haɗa shi da kayan gwari da 'ya'yan itace masu zaƙi kafin tankin ya yi armashi. Jini idan ya yi yawa yakan haifar da ammoniya wadda ita ma take kashe aikin, don haka barin sa a hannun masu dafa shi ya fi alheri ga kowa. A taƙaice, abin da Mile 12 ta rasa yana Oko-Oba, abin da Oko-Oba ta rasa yana Mile 12.

Sai dai kuma tsakanin Ketu, inda Mile 12 take, da Agege akwai cunkoson Legas, kuma ɗaukar abin da yawancinsa ruwa ne a mota mai shan dizal hanya ce ta ƙona riba tun kafin a same ta. A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne babban tankin ya zauna kusa da mayanka inda shara ta fi nauyi da wari, a riƙa kawo masa kayan gwari daga kasuwannin da ke kusa da shi, ita kuma Mile 12 ta samu nata ƙaramin wurin wanda za a riƙa kai wa kashin shanu daidai gwargwado.

Lissafin iskar gas

Masu tallata irin wannan aiki sun fi son maganar lantarki, domin ita ce take jan hankalin gwamnati da 'yan jarida. Ya kamata a yi lissafin a fili. A ɗauka an yanka shanu 1,000 a rana, kowace ta bar kilo 30, an samu tan 30 ke nan. Idan kowane tan ya ba da kyubik mita 30 na iskar gas, wanda adadi ne da ya yi daidai da irin wannan shara, za a samu kyubik mita 900. Kyubik mita ɗaya yana ba da lantarki kimanin yunit 2 a janareta, jimla yunit 1,800 a rana, wato abin da janareta mai ƙarfin kilowat 75 zai bayar idan ya kwana ya wuni yana aiki. Idan kuwa da gas ɗin girki aka kwatanta, bai wuce kilo 400 ba, tukwane talatin da 'yan kai masu kilo 12.5.

Wannan ba abin rainawa ba ne, musamman tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, amma kuma ba zai haska Agege ba, kuma shi kaɗai da wuya ya mayar da kuɗin gina tankuna da biyan ma'aikata. Inda ya fi amfani shi ne a cikin mayankar kanta: tafasa ruwa, tuƙa famfon rijiyar burtsatse, riƙe ɗakin sanyi, da babbakar ganda da ƙafafu da kawuna, aikin da a mayanku da dama a ƙasar nan har yanzu ake yi da itace, wasu ma da tsofaffin tayoyi duk da gargaɗin hukumomin lafiya. Ƙona iskar kai tsaye ya fi mayar da ita lantarki riba, domin janareta yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinta a matsayin zafi. Dole ne kuma a tace ta tukuna, saboda tana ɗauke da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take cinye ƙarfe, kuma janareta da yawa sun mutu a irin waɗannan ayyuka saboda an yi sakaci da matatar da garin tsatsar ƙarfe kawai take bukata.

Tsutsa, da tambayar da masu saye za su yi

Kuɗin da ya fi na gas yana wajen abincin kaji da kifi. Akwai wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro wanda ba ya bin abincin mutane, tsutsarsa kuwa tana cin ruɓaɓɓen abu da gaggawa, cikin mako biyu ta ƙoshi ta isa girbi, sharar ta ragu da fiye da rabi. Idan aka busar da ita, kimanin kashi 40 cikin 100 furotin ne, kusan kashi 30 kuma mai, abin da ya sa take iya maye gurbin wani kaso na waken soya da garin kifi, waɗanda su ne suka fi tsada a buhun abincin kaji da na tarwaɗa. Kamfanin Sanergy ya yi shekaru yana wannan sana'a a Nairobi, kuma jihohin Legas da Ogun da Oyo cike suke da gidajen kaji da tafkunan kifi, saboda haka mai saye ba shi da nisa. Tsutsar ba ta son abinci mai ruwa tsamo-tsamo, ba ta kuma girma sosai a kan kashin shanu, don haka tsarin da ya dace shi ne a matse kayan gwarin, ruwan ya tafi tankin gas, tukar a gauraya ta da ɓawon ayaba da na rogo a ba tsutsa.

A nan akwai batun da takardun masana daga waje ba su cika taɓawa ba, alhali a kasuwarmu shi ne farkon abin da za a tambaya. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba, amma jinin da ya kwarara wajen yanka najasa ne, kuma littattafan fiƙihu sun yi magana a kan dabbar da ke kiwo a kan ƙazanta. Mai kiwon kaji Musulmi zai so ya san da me aka ciyar da tsutsar, mai sayen kazar ma haka. Amsar ba ta injiniya ba ce, ta malamai ce, kuma hikima ita ce a zauna da limaman kasuwa da na mayanka tun ana zanen aikin, a nuna musu abin da ke shiga da abin da ke fita, a kuma ware layin tsutsa ya zama na kayan gwari zalla, babu jini, babu bayan gida, babu abin da ya shafi alade. Jita-jita guda ɗaya a kan wannan ta isa ta kashe kasuwar kayan gaba ɗaya.

Ta fuskar lafiya ma akwai iyaka. Ba a mayar wa shanu garin nama ko na ƙashin 'yan'uwansu, domin ta wannan hanya ce cutar haukan shanu ta bazu a Ingila daga 1986. Dabbar da likita ya hana a ci kuma ba ta shiga tanki, ballantana bayan ɓullar cutar antiraks a Suleja a watan Yulin 2023, domin ƙwayar wannan cuta tana jure zafin digiri 70 na awa ɗaya da ake amfani da shi wajen kashe sauran cututtuka a sharar mayanka.

Abin da aka gani a wasu wurare

Legas ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An taɓa kafa ƙaramin tankin gas na gwaji a kasuwar 'ya'yan itace ta Ikosi da ke Ketu, kamfanin EarthCare ya kafa wurin yin taki a Odogunyan ta Ikorodu, a Ibadan kuma shirin mayar da sharar mayankar Bodija iskar gas ya samu lambar yabo ta ƙasa da ƙasa a 2005. A Hyderabad ta Indiya, kasuwar kayan gwari ta Bowenpally tana mayar da kimanin tan 10 na shara lantarki yunit 500 a rana, wanda kasuwar da kanta take amfani da shi. A birnin Indore na Indiya kuwa, wurin da aka buɗe a watan Fabrairun 2022 an gina shi ne don tan 550 a rana, yana samar da gas na motocin bas, kuma abin da ya riƙe shi shi ne birnin ya shafe shekaru yana tilasta wa gidaje raba shara mai ruɓewa da busasshiya tun daga ƙofar gida.

Wannan rabawa ita ce ginshiƙin aikin. Leda da roba da yashi da fasassun kwalabe su ne suke toshe bututu, su karya injin niƙa, su cika ƙasan tanki, su kuma ɓata taki har manomi ya ƙi saye. Haramta kwanukan soso na zuba abinci da jihar Legas ta yi a watan Janairun 2024 ya rage wani abu, amma leda tana nan. Kasuwa ta fi unguwa sauƙi a wannan fanni, tunda layin tumatir daban, na albasa daban, na doya daban, kowanne da shugabansa da ake jin maganarsa. Abin da ya rage shi ne amsar tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: ina biyan kuɗin shara yanzu, to idan na raba, me zai ragu a kaina? Idan kuɗin kwasa bai sauka ga layin da ya raba ba, babu wanda zai sunkuya ya tsince leda don kamfani ya ci riba. Haka nan masu shara da masu turin baro da 'yan bola jari, waɗanda suka fi kowa sanin abin da ke cikin kowane tsibi, in an ɗauke su aiki da albashi da safar hannu da takalmin roba, an samu ma'aikatan da ba sai an koya musu ba. In an kore su, an ƙara yawan masu jiran aikin ya rushe.

Taki, da hanyar komawarsa Arewa

Bayan gas da tsutsa, abin da ya fi yawa a nauyi shi ne ragowar tanki da kashin tsutsa, kuma a nan ne ayyuka da dama suke shaƙewa, domin idan ba a samu inda za a kai shi ba, sai matatar ta koma juji mai katanga. Ruwan da ke fita daga tanki yana da sinadarin naitirojin, ya dace da masu lambun ganye na gefen gari, amma ba ya tafiya nesa. Daskararren ne ake busarwa a zuba a buhu.

Ƙasar noma a yawancin Arewa ta gaji, abin da ke cikinta na ruɓaɓɓen ganye da taki sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ko an zuba yuriya da NPK ba ta riƙe su yadda ya kamata, ba ta kuma riƙe ruwa. Kowace tirelar tumatir da ta shanu da ta gangaro kudu, da ɗan ƙarfin ƙasar take tafiya, ya ƙare a Olusosun. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajar sharar birni, tun zamanin da jakuna ke shiga da itace su fito da mangalar taki, saboda haka ba sai an yi musu wa'azin amfaninsa ba. Abin da za su duba shi ne farashi, da kuma ko akwai leda da kwalba a ciki. Takin gargajiya yana da nauyi, ƙarfinsa a buhu bai kai na takin zamani ba, don haka ba zai iya biyan cikakken kuɗin mota daga Legas zuwa Kano ba, sai dai ya bi motocin da suka sauke kaya suke neman lodin komawa ko da a rahusa, abin da ke hannun 'yan kamasho da ƙungiyoyin direbobi, ba a hannun hukumar muhalli ba. Busar da shi sosai, ko matse shi ya zama ƙwaya-ƙwaya, yana rage nauyin da ake biya wa kuɗi.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Matata kullum take fitar da taki, manomin damina kuwa daga Afrilu zuwa Yuni yake nema, daidai lokacin da ruwan Legas ya sauka, iska ta yi laima, shanya a fili ta gagara. Wannan yana nufin sai an gina rumfa mai rufi da ɗakin ajiya na watanni, a kuma ware wani kaso na gas ɗin don busarwa. Masu noman rani na Kadawa da Kura da fadamun Katsina suna shirya ƙasa ne daga Oktoba zuwa Disamba, kuma su ne dillalan Mile 12 suke hulɗa da su kai tsaye, har sukan ba su bashin iri da taki kafin kaka. Ta hannun waɗannan dillalai ne buhunan farko za su fi saurin isa gona, a matsayin wani ɓangare na bashin da aka saba bayarwa, a cire kuɗinsu idan kwandunan tumatir sun iso Legas a watan Janairu.